Tagwayen Yashi

Ƙarfe biyu na dare a Glazov.
Kogin Chepsa ya daskare, masunta na zaune a kansa,
ni kuwa zufa ce ke bin ƙeyata.
Ilfat, ajiye kofin shayin nan, matso.

Cikin tukunyar can akwai waya siririya,
digiri dubu da ɗari uku a jikinta.
Sai da muka zuƙe iskar ciki kakaf muka kunna,
don zirkoniyam makwaɗaici ne in ya ɗau zafi:
bar masa numfashi ɗaya ya lanƙwame,
gobe ka ƙwanƙwasa shi, ya karye kamar kara.

Aidin ne ɗan dakonmu.
Ya je jikin bango inda ɗanyen ƙarfe ke jibge,
ya sungumi nagari, ya bar datti kwance,
ya kai kan waya, zafi ya ce masa sauke,
ya koma hannu rabbana, ya sake ɗaukowa.
Ba lada, ba hutun rabin sa'a.
Kwana da kwanaki yana wannan kai-kawo
har waya ta yi jiki, ta zama sanda
mai fuskoki da yawa, kowace da ƙyallinta.
Shekara talatin da ɗaya ina gadin ɗan dakon nan,
ban taɓa ganin fuskarsa yana aiki ba,
allurar mita kawai nake karanta.

Amma akwai wanda ba ya ganewa.
Hafniyam.
Ƙwayar yashi ɗaya ta haife su,
tsawo ɗaya, tafiya ɗaya, in ka kira wannan wancan ya amsa.
Sai a cikin wutar nukiliya hali ke tonuwa:
ɗaya ya bar abin da ya zo ya wuce,
ɗaya ya haɗiye, ya riƙe.
Shi ya sa tun a wancan ginin ake raba su,
kuma ba da gatari ba.
Wanki ne bayan wanki, mataki bayan mataki,
kowane mataki ba ya cire abin a zo a gani.

Kana kallona. To, ji.
Ni ma biyu aka haife mu.
Jan zare mahaifiyarmu ta ɗaura wa Alevtina a hannu
don ta san wa ta riga ta shayar.
Ni Taisiya, magana ta shiga nan ta fita can.
Ita kuwa ko wasa ka yi mata tana 'yar shekara tara
yana nan a ajiye, da ranarsa.

Ba faɗa muka yi ba, da ma faɗa ne.
Ta auri matuƙin jirgin ruwa, ta bi shi Murmansk.
Wasiƙa duk wata, sai duk shekara.
Sai maganar ɗakin tsohuwa da wa zai sayar.
Sai jana'izar da jirgin ƙasa ya makarar da ita,
na ƙi jira.
Ka ga? Mataki bayan mataki.

Jiya ɗanta ya bugo.
Ya ce tana asibiti, tana kiran nas da sunana.

Mutanen ɗakin gwaji za su faɗa maka,
kome wankin da aka yi, ba ya fita duka.
Ɗaya cikin dubu goma, ko ƙasa da haka,
su buga hatimi su ce ya yi.
Yana nan ciki, ba ya motsi,
cikin kowace sanda da na taɓa fitarwa.

Tikitina na aljihu, jirgin bakwai da kwata.
Kai za ka ƙarasa wannan.
Rage wuta a hankali, rubuta awon kowace sa'a.
Kome ɗokinka, kada ka buɗe da zafinta.
Shayinka ya huce, sha haka.